Miyar Sunan Ɗana, Shekarar da Babu Gishiri

Yanzu da zarar sukari ya ɗan yi tsada, sai ka ji samari a teburin mai shayi a Rano suna cewa duniya ta zo ƙarshe. Ba na tanka musu. Na gaji. Wanda bai taɓa yin wata da watanni yana cin tuwo da miya lami ba, me zan gaya masa?

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, tun ba a fara zancen mulkin kai ba. Mu a ƙauyenmu, nan kusa da Fammar, ko ƙarar bindiga ba mu ji ba. Kaya ne kawai suka daina zuwa. Kananzir ya ɓace, muka koma fitilar man gyaɗa mai hayaƙi. Ashana ta bi shi, aka koma ɗibar wuta gida gida a tsingaro. Riga ta yage ka ɗinke, ɗinkin ya yage ka ɗinke ɗinkin. Duk wannan na jure. Gishiri ne ya gagare ni. Mata suka koma tace toka suna zubawa a miya. Ka ci ka ƙoshi, cikinka ya cika, amma bakinka yana nan yana jiran abinci.

A wannan shekarar mai ɗakina take da cikinta na biyu. Haihuwar fari a gidansu ta yi, a Kahu, kuma ubanta ya ciyar da mutane har aka daɗe ana zancen. Wannan karon a gidana za a yi. Surukin nan nawa ba ya faɗa, ba ya zagi. In abinci bai yi masa ba, sai ya mayar da murfin akushi a hankali, ya ce alhamdu lillahi. Shi ke nan, ka mutu. Abin da na sa a gaba ke nan: kada mutanen Kahu su ci lami a zaurena.

Na ja bunsuruna, wanda ba ni da wani bayan ragon suna, na kai kasuwar Rano. Ba a kasa gishiri a fili a lokacin. Sai ka yi ta zagaye bayan rumfar masu kanwa har wani ya kalle ka ya gane. Bunsuru guda, mai gemu, na bayar a kan gishirin da bai cika ƙoƙo ba. Na dawo gida da igiya a hannu kamar wanda aka yi wa fashi.

To, ga inda na yi wauta. Na ɗauka na kai wa mahaifiyata ajiya, don ɗakin tsohuwa ba mai bincike.

Na ce, "Inna, na suna ne. Ko ni na zo ina kuka, ki hana ni."

Ta ce, "Na ji."

Ni kuwa ta hana ni. Ni kaɗai.

Ban san yadda aka yi labari ya fita ba. Na dai ga matan da suka shekara ba su leƙo mu ba duk sun tuna Inna tana ciwon ƙafa. Wannan ta shigo gaisuwa, waccan ta zo ɗibar wuta alhali hayaƙi na tashi a gidanta. Har Bafillatanar da ke kawo mana nono ta fara daɗewa a ɗakin. Kowacce ta fito da ɗan ƙulli a gefen zane.

Na shiga na ce, "Inna, ina amanar?"

"Amana tana nan. Ta ɗan rame ne."

"Bunsuruna fa kike rabawa unguwa!"

"Kai, rufe mini baki. Mace ta durƙusa ta ce mijinta na kwance ya ƙi cin abinci, in ce mata me? Tun da nake ban ga gidan da aka hana maƙwabci gishiri ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. In ka iya, tsaya a ƙofa ka kore su."

Ta san ba zan iya ba. Wa zai tsaya a ƙofar uwarsa yana korar tsofaffi?

Aka haihu, namiji. Na leƙa ƙoƙon, na ga gindinsa. Inna ta ce zai isa. Na fita na zauna gindin rumbu ina tunanin murfin akushi.

Abin da ya faru a cikin gida ranar suna, daga baya mai ɗakina ta ba ni labari, don namiji ba ya zuwa bakin murhu ranar taro. Ita tana zaune a ƙofar ɗaki da jariri, tana kallon tukunyar miya. Inna ta juye abin da ya rage a ƙoƙo, ashe kuma ta ɓoye wani a gefe, shi ma ta zuba. Uwar mai ɗakina ta iso daga Kahu, ta riga ta ji an ce gishirina ya ƙare, sai ta yi kamar tana gyara itace ta saki nata. Sannan matan unguwa. Ashe da yawansu ba su cinye ba, lasa kawai suke yi suna sake ƙullewa. A wurinmu kuwa ba a mayar da gishiri hannu da hannu, in ka mayar ka ce bashi aka ba ka, zagi ne. Don haka kowacce sai ta faki ido, ta ɗauki ludayi kamar za ta juya miya, ta kwance gefen zane. Bafillatana ma ta jefa guntun manda, gishirin da shanunsu ke lasa.

Na ce mata, "Kina gani ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "In ce wa wa? Inna, ko uwata?"

"To, ba wadda ta ɗanɗana?"

"A shekarar nan? Wa za ta kai ludayi baki a gaban mutane a ce kwaɗayi ya kawo ta?"

Aka fito da akusa zaure. Ni idona na kan surukina. Ya yanki loma, ya dangwala, ya kai baki. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Na kai tawa, wallahi sai da kunnena ya yi ƙara. Miyar nan ko saniya aka ba sai ta yi tunani.

Ba wanda ya mayar da murfi. Mutane sun yi watanni suna mafarkin gishiri, ga shi yau har ya yi yawa. Suna ci suna hawaye suna neman ruwa. Aka shanye randa, aka koma rijiya. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya suɗe akushi ya ce da ƙarfi, "Kai, ɗan kawu, ashe rumbun nan naka ba dawa ce a ciki ba! Muna ta tausayinka kana kwana a kan gishiri?"

Aka yi dariya. Na ce ƙarya yake. Aka ƙara dariya.

Da surukina zai hau jakinsa, ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam, an fita kunya. Allah ya ƙara buɗi." Ya rage murya. "In da ɗan saura, a ƙulla wa tsohuwar gida."

Na rantse masa babu ko ƙwaya. Ya dube ni yadda yake duban akushi, ya ce alhamdu lillahi, ya kaɗa jakinsa.

Daga ranar ban huta ba. Mutane har daga Durba suna sallama da ƙoƙo a cikin riga. In ce babu, su ce ai sun ji labarin miyar. Wanda ya zuba gishiri haka a tukunya ɗaya, wai shi ne zai ce ba shi da shi? Aka sa mini marowaci, ni da na rasa bunsuru. Surukina ya shekara yana amsa gaisuwata da ka.

Washegarin suna kuwa, Inna ta aiko mini da tuwo da miyar toka. Na ɗaga murfi, na leƙa ɗakinta na ce, "Inna, ko na lasa babu?"

Ta ce, "Ba kai ka ce na suna ne ba? An yi suna."