Ko Kaset Ɗaya Baba Bai Bari Ba

Jiya na shiga gidanmu a Zakka na tarar da ƙanwata Hajara, mai karatu a Katsina, tana share hawaye, waya a kunne. Na ɗauka rasuwa aka yi.

Ashe waƙa ce ta wasu Turawa masu gita da ihu kamar ana faɗa. Mawaƙinsu ya mutu, abokansa suka tattara muryar da ya bari, suka fitar da waƙoƙin bankwana.

Wallahi kishi ne ya turnuƙe ni. Mahaifinmu makaɗin noma ne, daga Tsaskiya har Darini ba a gayya sai da gangarsa. Amma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa.

Na ce, "Baƙo kike wa kuka? Baba fa?"

Ta ce, "Yaya, ina shekara huɗu ya rasu. Kai da ka san waƙarsa, rera mini."

Na buɗe baki, amshi kawai ya zo. Baitocin duk sun ɓace mini.

Mutanen Batsari da Safana, wanda ya riƙe ko baiti ɗaya na mahaifinmu, Idi Makaɗi, don Allah ya rubuto mini. Hajara tana jira.