Kyanwar da Na Sa a Buhu a Guangzhou

Ko zan manta duk abin da na gani a China, ba zan manta ranar da wata tsohuwa ta bi ni da tsintsiya saboda kyanwa ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin ina zuwa Guangzhou saro takalma. A siton da nake tara kaya a unguwar Liwan akwai wata ramammiyar kyanwa mai ido ɗaya. Ni kuwa ban iya cin abinci kyanwa na kallona ba. Daga jefa mata kan kifi ta maƙale mini, har kan kwalayena take kwana. Da tafiyata gida ta matso, sai mai siton ya nuna ta, ya nuna hanyar kasuwa, ya ja yatsa a wuyansa yana dariya. A lokacin akwai masu sayen kyanwoyi don tukunya. Wallahi raina ya ɓaci.

Abokina ɗan Maraɗi, wanda ya ɗan iya yarensu, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Akwai wata tsohuwa a Panyu, can bayan gari, ita da maƙwabtanta suna tara kyanwoyi da karnukan da ba su da gida, suna ciyar da su kyauta."

To, mu a Kano in za ka kai kyanwa wani wuri, a buhu kake sa ta, don kada ta gane hanya ta dawo. Haka na yi, ina ta jin kaina gwani. Ashe a can kyanwa a buhu kasuwa za ta. A cikin bas wani ya latsa buhun yana son saye, na ce masa "meyo", wato babu, na rungume kayana.

Muna isa ƙofar gidan karnuka suka ɗau haushi, na ja da baya ina tattare rigata. Tsohuwar ta fito, 'yar ƙarama da ita. Ganin buhu yana motsi a hannuna, sai ta wawuri tsintsiya ta hau ni. Ni da ƙaton tumbina na dinga zagaya bishiya ina cewa, "Baba, yi haƙuri!"

"Mi kake jira? Kwance buhun mana!" in ji abokina, dariya ta hana shi ceto na.

Ina kwancewa kyanwar ta yi tsalle ta ɗare kafaɗata tana goga mini kai. Tsohuwar ta tsaya cak, sannan ta fashe da dariya. Ta ba mu shayi, abokina yana fassara: wai masu buhu sata suke zuwa yi, ba ta taɓa ganin wanda ya kawo ba.

Da ta zagaya da mu cikin gidan sai tausayi ya kama ni. Rufin yana yoyo, dabbobin suna kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mu kuwa kwalaye da ledoji zubar da su muke yi. Kafin in tafi na bi 'yan Kano sito-sito, muka cika mata ƙaramar mota da su, har da buhun shinkafa. Daga nan ya zama al'ada, duk zuwa sai na kai, 'yan'uwa na tsokanata da Sarkin Kyanwoyi.

Abin da na koya shi ne, niyya mai kyau ba ta isa ba, sai ka tambayi yadda mutanen gari za su ga abin da ke hannunka. Buhun dai ya yi aikinsa, kyanwar ba ta sake komawa Liwan ba, ta yi ƙiba har ta daina kula ni. Ni da ba a sa a buhu ba, ni na gane hanya, na yi ta komawa.