Baffana Ya Cire Ni Daga Aji, Yanzu Yana Cewa Ni Na Gudu

Ƙanin mahaifina ne ya cire ni daga makaranta ina ajin ƙarshe na sakandare, ana dab da jarrabawa, ya kai ni daji ina hura wa mutane gawayi. Wannan shi ne zaluncin farko. Na biyu, wanda ya sa na rubuto muku, shi ne a sanyin bana ya miƙe a gaban jama'a, a gaban ɗana, ya ce ni na gudu daga karatu da ƙafata. Malam Edita, ni ba gwanin rubutu ba ne, direban motar kaya ne a wani sito a unguwar Sulay da ke Riyad. Ku gyara inda na yi kuskure, amma kada ku rage mini komai. Ba zan kama sunan kowa ba, mutanen unguwarmu Manfuha sun san da wa nake.

A nan Riyad aka haife ni, a nan na yi karatu, Larabcina ma ya fi Hausata a lokacin. Ba zan ce ni ne na ɗaya a aji ba, amma ba a lissafa masu ƙoƙari a bar ni, musamman a kimiyya. Duk wanda ya yi makaranta a garin nan ya san sanyinta. Ka fito gari bai gama wayewa ba, ka sa baƙar jallabiya mai kauri, ka tsaya a layi a tsakar makaranta hannunka ya ƙage, mudir, wato shugaban makaranta, yana ta jawabi kai kuwa ba ka jin kunnenka. Ajin kamar firji. Idan an fita hutu mu jeru a jikin bangon da rana ke bugawa, kowa da burodinsa da shayi, ana ta tsara rayuwa. Wannan zai tuƙa jirgi, wancan zai zama injiniya. Ni na san baƙo ba ya samun jami'a a nan cikin sauƙi, saboda haka shirina da mahaifina shi ne in gama in tafi gida Najeriya in karanta haɗa magunguna. Wani Bayamane abokina, ɗan ƙasar Yaman, har laƙabin dakta ya sa mini, yana cewa in rage masa kuɗin maganin tari.

A farkon sanyin shekarar da nake ajin ƙarshe mahaifina ya rasu, muka kai shi maƙabartar Ud. Takardar zamanmu, iƙama, a ƙarƙashinsa take, saboda haka Inna da ƙannena mata za su koma gida idan ta fita takaba. Ni ma da na bi su da na ƙarasa karatuna a can. Sai Baffa ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya ce ba za a ɗauke yaro ana saura kaɗan ya gama ba, a bar masa ni. Kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, yana da tantunan haya a dajin Sumama inda mutanen gari ke fita shaƙatawa lokacin sanyi. Ya ce za a mayar da iƙamata wajen mutumin don zamana ya halatta, in ɗan taya shi aiki kafin sanyi ya wuce, sannan in koma aji. Inna tambaya ɗaya ta yi, ta ce jarrabawar fa? Ya ce ai ya riga ya ga mudir, an yi masa uzurin maraya, za a yi mini tawa daga baya. Har rantsuwa ya yi. Inna ta sa masa albarka, ni ma na yi masa godiya.

Aikin tanti ba wasa ba ne. Ka kafa, ka shimfiɗa darduma, ka faso itace, ka hura gawayi, ka wanke butocin gahawa da ruwa mai yanka hannu. Daga baya na gane abin da ya sa Baffa yake buƙatata: shekarunsa da yawa a ƙasar amma Larabcinsa na kasuwa ne, ba ya karatu, kafilin kuma ya fara maganar kawo wani a madadinsa. Ni nake magana da masu haya, ni nake karanta komai. Na tafi da littattafaina cikin leda, ina dubawa idan an samu sarari, har shafukan suka yi baƙi da gawayi. Shi ma Baffa yana da ɗa, aji ɗaya nake gabansa. Ko ranar Juma'a bai taɓa kawo shi dajin nan ba, wai ƙirjinsa ba ya son sanyi.

Abin da ba na mantawa shi ne wata la'asar, ranar da aka gama jarrabawa. Motoci biyu suka tsaya, sai ga 'yan ajinmu sun zo murna. Ina tsugune ina fifita wuta Bayamanen nan ya gane ni, ya ce dakta, nan ka buɗe kantin maganin? Aka yi dariya, ni ma na yi. Suka ja ni in zauna su gaya mini tambayoyin da aka yi, sai Baffa ya daka mini tsawa da Hausa, ya ce baƙi ne, in tashi in zuba musu gahawa. Na zuba wa kowa, ɗaya bayan ɗaya. Bayamanen ya karɓi kofin bai ɗago kai ba.

Da sanyi ya wuce na sa jallabiyata na tafi makaranta. Mudir ya dube ni ya ce ina na shiga? Ya ce babu wanda ya taɓa zuwa ya yi masa maganata, har aike suka yi gidanmu aka ce mun tashi. An cire sunana, kuma iƙamata yanzu ta lebura ce, ba ta ɗalibi ba. Ya ce da wani babba ya zo tun farko da an san yadda za a yi. Na koma na sami Baffa ina kuka, ya ce in share hawayena, karatun baƙo a ƙasar mutane ina zai kai shi, ga shi ya sama mini abin yi. Inna kuwa kafin ta hau jirgi ta riƙe hannuna ta ce kada in sake ta da maganar, Baffa kaɗai ya rage mini a nan. Na yi shiru. Ɗan Baffa ya gama, aka tura shi waje, yau injiniya ne. Ni daga tanti na koma dako, daga dako na koma tuƙi, gemuna ya yi fari a kan titin Sulay.

Yanzu babban ɗana yana ajin ƙarshe. Ni nake sauke shi a ƙofar makaranta kafin in wuce sito, ina kallon su sun jeru a jikin bango suna hura hannu, kamar mu. Kwanakin baya mutanenmu suka kama wani gidan taro a bayan gari, aka tara yaran da za su gama a yi musu nasiha. Baffa yanzu dattijon unguwa ne, uban injiniya, shi aka ba magana. Ya yabi ɗansa, sannan ya nuna ni da sandarsa, ya ce ga misali nan, wannan babu yadda bai yi da shi ba amma ya fi son yawon daji da aji, ku dube shi yau. Mutane suka yi dariya. Ɗana yana sahun gaba. Bayan kwana biyu ya daina buɗe littafin jarrabawar shiga jami'a. Da na yi masa faɗa sai ya ce shi zai nemi babur ya riƙa kai wa mutane abinci, ai ni ma na bari kuma ban mutu ba.

A nan na gane shirun da na yi don zumunci ba ni kaɗai ya ci ba. Jama'a, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane, idan wani ya ce ya ga mudir, ku taka da ƙafarku ku je ku ji. Kada ku yarda a taɓa iƙamar yaro yana karatu, ko waye ya kawo shawarar. Kuma idan an zalunce ku, ku gaya wa 'ya'yanku da bakinku, domin idan kun yi shiru wanda ya yi zaluncin shi zai ba su labarin.

Ranar Juma'a bayan masallaci na sa ɗana a gaba muka tafi gidan Baffa. Yana zaune a falo da bargo a kafaɗa, ya ce a kawo mana shayi. Na ce ba shayi ya kawo mu ba. Ban zauna ba. Na ce, Baffa, ga jikanka, ka dube shi ka gaya masa ranar da ka je wajen mudir. Ka gaya masa wa ya kai ni Sumama, wa ya sa na zuba wa 'yan ajinmu gahawa, ɗanka yana gida cikin bargo. Ka cinye mini karatu na haƙura saboda Inna, amma ba za ka haɗa da na yaron nan ba. Ni lokacin da ka yi mini, ubana yana kwance a Ud. Shi nasa uban ga shi tsaye a gabanka.