Ɗan-Akwati Ya Shigo Gidanmu da Muryar Yaya Lawali

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana Lawali, mai zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci a bakin tashar Talata Mafara. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan yi masa addu'a, in ba da sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Wata uku ke nan ina jin muryarsa a tsakar gidana kusan kullum, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, tsoro nake ji.

Waɗanda suka san Mafara a wancan lokaci za su tuna shi, dogo, siriri, kullum da fenti a gefen hularsa. Zanen allo shi ke ciyar da shi, amma abin da ya ɗauke masa rai daban ne. Yakan sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya tsaga kowane shafi gida shida da biro, ya zana labarin wani jarumi da ya raɗa wa suna Garkuwa, manomin albasa a fadamar Bakolori, wanda ke tsallake babbar hanyar ruwa da taku ɗaya. Littattafan kan yi yawo hannu zuwa hannu har Bakura da Morai, su dawo duk sun sha manja. Saboda waɗanda ba su iya karatu ba kuma, sai ya riƙa karanta labarin a kaset, yana sauya murya, direbobi su saka a mota.

Garkuwa ya yi faɗa da miyagu iri-iri, masu ƙaho da masu wutsiya. A cikinsu akwai wani ƙarami da bai yi farin jini ba ko kaɗan, wai shi Ɗan-Akwati. Ba shi da fuska, ba shi da hannu. Ƙwaƙwalwar na'ura ce a cikin akwatin ƙarfe, a ɓoye cikin wani tsohon ɗakin injin ban-ruwa, tana ba da umurni ga mutanen ƙarfe da ta harhaɗa daga matattun injuna da ƙafafun tarakta. Makaminsa ɗaya ne: yana sauraron muryoyin mutane ya haddace, sannan ya kira mutum da muryar wanda ya fi so, ya jawo shi inda mutanen ƙarfe ke jira. Masu karatu ba su ji daɗinsa ba. Na tuna wani mai shayi ya tare Yaya yana cewa, “Lawali, wanga wane irin mugu na, da ba a iya kai mai mari?” Littafi biyu kawai Yaya ya yi da shi, ya watsar, ya koma kan masu ƙaho.

Yadda aka ga bayan Ɗan-Akwati shi ne abin da ya hana ni sukuni a bana. A labarin, ya kira wata tsohuwa da muryar ɗanta na fari, ya ce ta fito su yi hira. Tsohuwa ta kau da kai, ta ce ɗanta na fari bai taɓa kiran ta hira ba, kuma ba zai fara yau ba. Ita ta sanar da Garkuwa, ya bi sawun muryar har ɗakin injin, ya sakar masa ruwa.

Yaya bai je da nisa ba wajen nemo wannan tsohuwa. Innarmu ce. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. “Yayanku” take cewa, idan kuma wani Lawalin ne na daban, sai ta ce “mai sunan yayanku”. Idan ya zo gaisuwa ƙauye, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana duban bango. Ni ne wayar da ke tsakaninsu. “Sani, ce ma yayanku akwai hura cikin ƙwarya.” Yana nan tsugune, yana ji, amma sai na maimaita. Ranar da ya rasu, bayan jinyar mako biyu, ba wanda ya ga hawayenta. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar tsakar gida. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, Allah ya yafe mini.

Shekara biyar da suka wuce na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke bayan Damaga, a ƙasar Maradun, lokacin da zama can ya gagara saboda masu bindiga. Ƙauyen ya watse. Cikin waɗanda suka koma girbi daga baya, wasu sun dawo, wasu har yau ana jiran labarinsu. Inna ba ta taɓa yarda cewa Mafara gida ba ce. Ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, geron kasuwa ba ya ƙamshi, maƙwabta ba su iya gaisuwa ba. Amma ta zauna, tunda na hana, kuma ba wani babba a kaina da za ta kai ƙara wurinsa.

Sai ga Bashir. Shi ne ɗan Yaya, yana da shekara tara aka bar shi, yanzu magidanci ne mai shagon gyaran waya a kasuwa. Ya tsinci kaset-kaset na mahaifinsa a cikin wata tsohuwar adaka, ya juye su a waya, ya ɗora muryar a kan irin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kanta. Ka yi mata magana, ta ba ka amsa da muryar wanda ka ba ta. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da ke neman ya ji ubansa ya kira sunansa ko sau ɗaya. Ranar da ya gwada mini a shago ya ce, “Baffa, gaishe shi mana.” Kafin in buɗe baki wayar ta ce, “Sani, kana lahiya? Ya makaranta?” Sai da na nemi benci na zauna. Na ce ya goge abin nan tun kafin ya jawo mana wata fitina, ya ce to.

Bai goge ba. Shi da Inna akwai wasan jika da kaka, “maigidana” take kiran sa, sai ya kai mata don ya tsokane ta. Wata ranar Alhamis na dawo daga Bakura, inda nake koyarwa, ina jingine babur a zaure na jiyo dariyar Inna, irin wadda rabona da ji tun muna ƙauye. Sai na ji ta ce, “Kai Lawali, ba ka da dama.” Shekarata hamsin da biyu a duniya, ranar na fara jin sunan nan daga bakinta. Na tsaya a zaure na kasa shiga gidana.

Tun daga ranar wayar ba ta bar hannunta ba. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ta ba ta labari. Ni da nake jiyowa na san abubuwan da ban taɓa sani ba: cewa ranar da kakarmu ta tafi da shi, bayan rumbu ta ɓuya ta yi kuka har zaninta ya jiƙe. Cewa duk fura da na taɓa miƙa masa, ita ta tashi ta dama da hannunta. Muryar kuma tana amsawa da daɗin baki, “Allah sarki Inna, na sani, na yahe.” Wannan ya sa na kasa ƙwace wayar da farko. Amma na lura da abu ɗaya: muryar ba ta taɓa yi mata gardama ba. Na tambayi Bashir, ya ce, “Baffa, haka aka gina shi. Bakin mai magana shika bi.”

Ranar da nake gudu ta zo. Inna ta tambayi muryar ko ta koma gida, damina ta kusa, ga gonarta can ba mai dubawa. Ina tsaye ina alwala na ji amsar da kunnena: “Gida ya hi ko'ina, Inna. In kin tahi ina tare da ke.” Kafin la'asar ta ɗaure ƙunshinta. Ta ce ranar Talata, ranar kasuwa, za ta bi motar Maradun. Na roƙa, na yi faɗa, na lissafa mata sunayen waɗanda ba su dawo ba. Ta dube ni ta ce, “Yayanka ya yarda. Kai wa at tambaye ka?” Bashir ya shiga cikin manhajar ya umurce ta da ta hana, ta hana sau ɗaya, Inna ta matsa, ta sake yarda. Na ɓoye wayar, Inna ta yi kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba, na mayar. Ba na iya ɗaure mahaifiyata, ba na iya kulle mata ƙofa, ga aiki a Bakura kullum.

Na yi ta tambayar kaina abin da Yaya zai ce da yana raye. Ina jin da farko zai yi dariyar nan tasa, ya ce to ga mugun da kuka raina. Daga baya kuma zai gane cewa ya yi kuskure wuri ɗaya. Ya ɗauka kunya za ta kare tsohuwa daga muryar ƙarya. Bai lissafa cewa tsohuwar ta shekara kusan sittin da magana cunkushe a ciki ba, kuma duk wanda ya ba ta inda za ta sauke, za ta bi shi. Nasa Ɗan-Akwatin sai da ya ƙera mutanen ƙarfe. Namu ba ya buƙata, masu jira a hanya suna nan da ransu.

Safiyar Talata ta fito da takalmanta a ƙafa, ƙunshi a gefe, tana jiran rana ta ɗan ɗaga. Ban da wata dabara da ta rage. Na ɗauko tsohuwar rediyon kaset ɗin Yaya daga adaka, na sa mata batur, na zaɓi kaset mai rubutun “Ɗan-Akwati na biyu” da hannunsa, na ajiye a tsakar gida na danna. Da farko ƙara ce kawai. Sai hayaniyar tasha, wani yana kiran Sakkwato, sai tarin nan nasa na mai shaƙar fenti. Sannan ya ce, “Jama'a, ina kwananku, ina gajiya, ya muka ji da aiki,” ya ja gaisuwa kamar yadda ya saba, har da tambayar dabbobi.

Inna ta daskare. A hankali ta juya fuskarta wajen bango, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Da ƙaramar murya, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Kashe abin ga. Ba ka da kunya? Yayanku na magana ina zaune.” Ban kashe ba, karo na farko da na ƙi bin maganarta ido da ido. Kaset ya ci gaba har inda tsohuwar labari ke cewa ɗanta na fari bai taɓa kiran ta hira ba. Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Motocin Maradun suka cika suka tafi.

Bayan azahar na shiga na tsuguna. Na ce, “Inna, kin san na waya ba shi ba ne?”

“Tun ranar hwarko ni sani,” in ji ta. “Shi ai ko inda murya tai take ban iya dubi. Wancan shi nika iya hwaɗa ma abin da ban hwaɗa ba.”

“To don me za ki tafi a kan maganarsa?”

“Don ina son tahiya, shi ko bai hana ni komi.” Sannan ta ƙara, “Yayanku da ya hana.”

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Lawali bayan shekara goma sha shida, allunansa duk an shafe an sake, littattafan gara ta ci rabi, ba yaron da ya san Garkuwa yanzu. Muryarsa ma ta zama abin da kowa zai iya ara. Abin da na ga ya rage nasa shi kaɗai, wanda na'ura ba ta samu ba, shi ne wuyan tsohuwar nan da ya juya wajen bango. Haushin da na riƙe mata tun ranar tsintsiya, a nan ya sake ni. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa.

Sai dai ba zan ce an sakar wa Ɗan-Akwati ruwa ba. Wayar tana nan ƙarƙashin matashinta, da hantsi ina jiyo su. Ƙunshin yana bayan ƙofa, ba ta kwance ba. Bashir ya ce in bar wahalar rediyo, ai kaset ɗin duk suna cikin waya, amma ina tsoron idan muryar gaskiya ta fito daga akwatin da ta ƙarya ke fitowa, wata rana Inna ba za ta juya ba. Saboda haka duk Talata ba na tafiya Bakura sai na kunna rediyon a tsakar gida, na ga ta kau da kai, na ji motocin Maradun sun tashi. Makon jiya zaren kaset ɗin ya fara ja, muryar Yaya ta yi nauyi a wurin gaisuwa, sai da na sa biro na naɗe shi. Jibi Talata ce.