Ranar da Awo Ya Kuɓuce wa Kafinta

A layin masu katako kowa Ido-Mudu yake kiransa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai abokan sana'arsa suka ce shi nasa idon mudu ne sukutum. Kallo ɗaya zai yi wa bakin ƙofa ya faɗi tsayinta da faɗinta, a kawo tef a auna a tarar daidai. Shekara talatin yana aikin kafinta bai taɓa rubuta awo a takarda ba.

Shekara goma sha shida ke nan da aka gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki. Matarsa ta sani, ƙanensa da suke shago ɗaya ya sani. Kullum da safe yana shan maganinsa. A haka ya aurar da 'yarsa ta fari, har ya ɗauki jika. Ba don ranar karɓar magani ba, da ya manta da wata cuta.

Bara wata malamar makaranta ta ba shi aikin kabad na littattafai. Ya je gidanta ya auna gurbin bango, ya dawo shago ya ɗauki zarto, sai lambar ta ɓace masa ɓat. Inci saba'in da biyu ne ko sittin da biyu? Ya daɗe a tsaye, girman kai ya hana shi komawa, ya yanka a sittin da biyu. Da aka kai kabad ɗin aka tura shi gurbinsa, sai ga giɓi a gefe wanda akuya za ta shiga ta juya.

"Malam kafinta," in ji malamar, "nan wurin ajiye tsintsiya ka bar mini?"

Ya yi dariyar yaƙe, amma abin ya tsaya masa a rai. Ba shi ne na farko ba. Ya sha barin gwangwanin gam a buɗe ya bushe, ya sha neman guduma tana hannunsa.

Wata safiya matarsa ta ajiye kofin shayi ta dube shi. "Maigida, sau uku ke nan kana tambayata ko ka sha magani. Gobe sai asibiti."

"Tsufa ne kawai."

"Wane tsufa? Shekara huɗu ka ba ni, kar ka ja mini."

A asibiti likita ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe, ta sa shi zana fuskar agogo, sannan ta nemi kalmomin. Biyu ya kawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, faɗa mini gaskiya, hauka ne ya fara?"

"A'a, Baba. Wasu da suka daɗe da ƙwayar nan sukan sami mantuwa da nauyin hannu. Gwajin jininka ya yi kyau, maganin yana aiki. Kar ka tsallake shi ko kwana ɗaya, ka sami barci, za mu riƙa duba ka. Abin da kai ya ƙi riƙewa kuma, a rubuta."

Bai tsaya jinyar zuciya ba. Washegari ya kira ƙanensa ya nuna masa injin yanka. "Daga yau naka ne. Hannuna ya rage sauri, kuma yatsuna goma nake so a binne ni da su."

"Yaya, kai fa?"

"Ni zan auna, in zana, in haɗa. Ka taɓa ganin haɗin da ya fi nawa?"

Ya maƙala fensir a kunne. Duk awon da ya ɗauka, nan take yake rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin katakon da za a yanka. Ya daina haɗa aiki uku a lokaci guda, sai ya gama ɗaya ya taɓa wani. Kabad ɗin malama ya sake ƙera shi, ya shige gurbinsa ko allura ba ta sami hanya ba.

Da guntayen katako ya ƙera ɗan akwati mai gida bakwai, kowane gida da murfinsa da sunan rana. Matarsa kan zuba ƙwayoyin mako guda a ciki. Murfi a buɗe, an sha. Magana ta ƙare.

Ranar karɓar magani ya tafi da akwatin don likita ta gani. A kan benci wani magini da suka saba haɗuwa a layi ya yi ta kallon akwatin, can ya matso ya rage murya. "Ni ma fa haka nake fama da mantuwa. Ko matata ban gaya wa ba. Jiya sai da na rushe layin bulo guda."

"Bulo ai da sauƙi, katako in ka yanke ba ya toho," in ji kafinta. "In ka shiga, gaya wa likita kamar yadda ka gaya mini. In ka koma gida, gaya wa uwargida. Ƙwaya nawa kake sha a rana?"

"Biyu, safe da yamma."

Kafinta ya zaro fensir daga kunne, ya juya akwatinsa ya rubuta a gindinsa: magini, gida goma sha huɗu.

"Ka biyo shago jibi," ya ce. "In na yi kamar ban gane ka ba, ka ce in duba gindin akwati."