Darasin da Zai Bi Malaminsa Gida

Kafin mai shara ta kai ƙarshen barandar sashen lissafi, shi ya riga ya buɗe ofishinsa, wanda ke maƙale tsakanin banɗaki da ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Yakan rataye rigarsa a ƙusa, ya ɗage jiƙaƙƙen buhun da ke bakin bokiti, ya yayyafa wa yumɓunsa ruwa. Sai ya cuɗa shi, ya gutsuttsura dunƙule-dunƙule, ɗaya don kowane ɗalibi. A 'yan shekarun nan dunƙule-dunƙulen ko faranti ba sa cikawa.

Wannan shi ne malaminmu na topoloji, wani reshe na lissafi. Mai Yumɓu ake ce masa, wasu don ƙauna, mafi yawa don dariya. A ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, kuma ga dukkan alamu darasinsa zai bi shi gida. Ban saba rubuta abin da idon wani zai gani ba, a yi mini afuwa in alƙalamin ya yi tuntuɓe. Shirun ne ya yi yawa.

Ranar da muka fara shiga ajinsa bai taɓa alli ba. Ya dire wa kowa dunƙulensa ya ce, "Ku yi mini kofi mai hannu." Muka yi, kowa da irin nasa muni. Ya ce, "To ku mayar da shi awarwaro. Ku matsa, ku ja, ku lanƙwasa yadda kuka ga dama. Doka biyu ce: ban da yagewa, ban da liƙe abin da ba a liƙe yake ba."

Wani dogo daga kujerar baya ya ce, "Malam, digiri babana ya turo ni in yi, ba ginin tukwane ba."

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Da ginin tukwanen ne, da tuni an kore ka. Dubi abin da ka yi."

Muna ta murzawa har cikin kofin ya narke ya koma cikin hannun kofin. Komai ya ɓace, sai ramin nan guda da ake zura yatsa. A nan ya ce mana, "Jometiri zai tambaye ku tsawo da faɗi. Ƙididdiga tana son ta ji nawa ne, sau nawa. Kalkulas saurin canji yake bi. Duk 'yan gida ɗaya muke, ban raina kowa ba. Ni dai tambayata ɗaya ce: idan an ja abu, an murɗe shi har uwarsa ba ta gane shi, me ya rage a jikinsa da bai canza ba?" Daga nan ya wanke hannu ya ɗauki alli, kuma hujjojin da suka biyo baya sun sa dogon nan ya dawo kujerar gaba yana zufa.

Masu cewa darasin ba shi da amfani, su tambayi yayana. Sana'arsa haɗa allon kayan lantarki. Wani aiki ya taɓa hana shi sakat: wurare uku a kan allo, kowanne sai ya sadu da wasu wurare uku, kuma ba a son layi ya haye layi. Ya zana ya goge har takardar ta huje. Ran da ya zo ɗaukata, Malam ya hango takardar a hannunsa, ya karɓa ya duba.

"Ɗana, ba wayonka ne ya gaza ba. A fuskar allo ɗaya wannan ba zai taɓa yiwuwa ba, ko wa aka kira. Huda allon, ka bi da layi ɗaya ta baya."

Har yau yayana yakan ce, "Sauran lissafi hanya yake nuna maka. Na tsohon nan shi ne ya gaya mini babu hanyar, in daina wahalar da kaina."

Abin da ya faru a taron malamai kuwa, sakatariyar sashe ce ta ba ni labari, ita ce ke zaune a gefe. An kira Malam ya kare darasinsa. Shugaban sashe ɗalibinsa ne na da, yaron da ya taɓa kwana da yumɓu a farce. Watakila shi ya sa Malam ya yi kuskuren da shi kaɗai zai iya yi: maimakon jawabi, farantinsa ya ɗauko. A zatonsa, in hannunsu ya taɓa, za su tuna.

Malamin ƙididdiga ya riga shi buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ni ɗalibaina bankuna ke wawasonsu tun ba su gama ba. Kai fa? Ka taɓa jin an yi cigiyar mai ƙirga rami?"

Aka kwashe da dariya. Malam ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Masu kafa turakun waya suna neman inda sadarwa ta bar rami. Masu binciken ƙwayar halitta da ƙulli suke fama. Bar su ma. Kalkulas ɗin da duk muke tinƙaho da shi, a kan abin da ba ya yankewa yake tsaye. In na tafi, wa zai gaya wa yaran nan ma'anar rashin yankewa?"

Yana magana yana zagayawa, yana ajiye wa kowa dunƙule a gabansa. Wannan ya janye kwamfutarsa, wancan ya tattare hannun riga. Da ya iso kan shugaban sashe, sai shugaban ya ce a hankali, "Malam, don Allah. Teburin sabo ne."

Sakatariya ta ce nan take Malam ya juya. Ya bi ya tsince dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, ya fito da hankicinsa ya goge inda kowanne ya zauna. Aka yanke cewa an dakatar da darasin sai an sami wanda zai karɓa. Aka tambaya ko akwai. Kowa ya sami abin kallo a wayarsa.

Malam, kai ne tushen gini, sha nauyi a yaba wa bene. Kai ne ba ka taɓa ce wa ɗalibi daƙiƙi ba, sai dai ka ce, "Sake murzawa." Kai ne ka raini rabin mutanen da ke zagaye da teburin nan, kuma ko a aji ba ka bari mun zage su ba. Da dogon nan ya fara, cewa ka yi, "Rufe bakinka, suna da iyali, kuma gaskiya ne ƙididdiga na ciyar da mutum." Ni ma na sani. Watakila da ita zan ci abinci. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce gidan lissafi duk faɗinsa ba shi da kusurwar da za a ajiye tambaya guda, don kawai ba ta zuwa da takardar ɗaukar aiki a hannu. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma da kuka bi ta hannunsa kuka zama manya a wasu makarantu, ba agogon bango yake buƙata ba, ba kuma jawabin ban kwana ba. Mutum ɗaya ake nema ya zo ya ce, "Ni zan karɓa." Ku yi koyi da shi ko da a wannan kaɗai ne, domin ni ba zan iso da wuri ba.

Na dai gwada. Bayan darasinmu na ƙarshe na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, in na gama, na ƙaro karatu, ni zan dawo in koyar da shi."

Ya dube ni ya daɗe. "Shekara nawa ke nan, 'yata?"

"Da ɗan dama, Malam."

Ya dafa tebur ya miƙe a hankali.

"To ki yi sauri. Ni zan jira. Gwiwoyin nan ne ba su yi mini alkawari ba."