Sunayen da Muka Je Ɗaukowa Argungu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ni da wani abokina mai ɗaukar hoto, da kwamfuta a jaka da na'urar kwafar hotuna naɗe cikin bargo. Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, ina taimaka wa masu hoto ne su ɗora aikinsu a intanet yadda mai nema zai same shi. Injin bincike ya fi gane rubutu a kan fuska. In ka bar hoto da lambar da kyamara ta ba shi, ba suna, ba gari, ba bayani, to yana nan amma ba mai isa gare shi.

Wata baiwar Allah ce ta kira ni daga Argungu. Mahaifinta ya yi sana'ar hoto tun kafin a ba mu jihar Kebbi, yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Ta ɗauki wasu hotunansa da waya ta ɗora a shafi, wata uku ba wanda ya leƙa. Wasu kuma na yawo a hannun mutane ba sunansa a jiki.

A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda mai, kuma bargonmu ma fasinja ne. Abokina ya ɗora shi a cinya, maganar ta mutu. Muka wuce Ambursa gari na wayewa, fadama shar da shinkafa hagu da dama, 'yan kabu-kabu na ta kwararowa Birni da buhunan albasa a baya. Hanyar ba laifi, sai wasu ramuka da direban ya sani kamar 'ya'yansa, yana kauce musu ko dubawa ba ya yi. Da muka sauka muka karya da masa da romon kifi a bakin tasha, yajin ya sa abokina hawaye tun kafin mu ga abin kuka.

Gidan yana wani lungu da ba shi da nisa da gulbi. Muka tarar da tsohon, wanda kowa ke kira Baba Mai Hoto, zaune a zaure kan tabarma, da adaka biyu a gefensa. Bayan gaisuwa ya dafa murfin ɗaya ya ce, "Ɗana, duk abin da idona ya gani shina ciki nan. Sunayen kuwa kaina suke, kuma kan ya fara yoyo."

Hotunan na shekarun farkon jiha ne. Ga ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, tsaye gaban motar kaya da katifu da kujeru. Ga 'yan makaranta riƙe da allon da aka rubuta sunan sabuwar jiha, fentin bai ko bushe ba. Ga masu sussukar shinkafa, ga kasuwar kifi, ga angwaye da sababbin kekuna.

Tun da ba ya gani, sai muka raba aiki. Abokina ya kwafi hoto, ni in faɗa wa Baba abin da ke ciki, shi ya ba mu suna da wuri. In na ce, "Mutum uku gaban shagon tela, na tsakiya da rediyo," sai ya yi murmushi ya jero su har da unguwanninsu. Ni kuma in sa wa hoton suna da kalmomin da mutum zai iya nema, in rubuta bayani a ƙasa da Hausa da Turanci, in rufe da sunan Baba. 'Yarsa na bakin ƙofa tana koyo, tana rubutawa a littafi. Da muka zo kan hotunan matan aure ya ɗaga hannu. "Waɗanga a aje su. Ba a ɗora ɗiyar mutane sai an tambayi gidansu." Muka ware su gefe.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, muka ci, muka yi azahar, muka koma. Wajen la'asar na ɗauko wani hoto. Saurayi ne dogo a bakin ruwa, gora a hammata, homar kamun kifi a kafaɗa, yana dariya da wushirya. Na faɗa wa Baba. Ya karɓi hoton yana shafa shi da yatsa.

"Na san shi," ya ce. "Masunci ne, na wata tunga can ƙetare. Bai dawo ya amshi hotonai ba, ruwan waccan shekara ya ci shi. Ya bar mata da ciki. An ce ɗa namiji ta haifa, dangin uwa sunka tafi da shi kudu, ba wanda ya san inda yake. Yaron nan bai taɓa ganin fuskar ubanai ba."

Na ce, "Baba, sunansa fa?"

Ya kira sunaye biyu ya janye su da kansa. Aka aika gidan wani tsohon masunci, aka ce yana asibiti a Birni, ba ya gane mutane. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Mutum ya tsaya gabana, ya ba ni fuskatai amana, in mance shi." Na rubuta "masunci a bakin gulbin Argungu", na san kuwa ba ɗan da zai nemi ubansa da waɗannan kalmomi. Kafin mu tashi mun kwafi adaka ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin kowane hoto huɗu haka ya tafi ba suna.

Muka kamo hanya rana na yin ja. Mun kusa Ambursa wayata ta yi ƙara, 'yar Baba ce. Ta ce tun da muka fita bai tashi daga tabarmar ba, sannan ta miƙa masa wayar. Baba ya ce, "Ɗana, rubuta maza. Umaru Dogo, ɗan Mamman mai taru. Rubuta kafin shi gudu." Na roƙi direba ya tsaya. Ya gangara gefen hanya ba gardama, fasinjoji suka jira, na rubuta a bayan hannuna don ban tsaya neman takarda ba. Na karanta masa sau biyu. Ya ce, "Shi ne. Alhamdulillahi."

Mun shigo Birnin Kebbi ana kiran magariba. Kafin in wanke hannun na zauna na sa wa hoton sunansa da na mahaifinsa da na gulbin Argungu, na ɗora.

Shekaru ina koya wa masu hoto dabarun da za su sa a same su, ina ɗauka ciniki kawai nake gyara musu. Wannan tafiya ta nuna mini cewa sunan da ke ƙarƙashin hoto haƙƙin wanda ke cikinsa ne, kuma yana iya ɓacewa tun mai hoton na da rai. Wanda ke da tsoho a gida da adakar hotuna, ya zauna da shi yanzu, ya tambaya, ya rubuta.

Har yau ba wanda ya kira game da Umaru Dogo. Ban san ko ɗansa na raye ba, ban san ko yana nema ba. Amma ranar da ya rubuta sunan ubansa, zai ga yana yi masa dariya a bakin gulbi.